Gahawar Mora a Tashar Garwa

Ku samarin nan da kuke yawo da filas a kafaɗa, kuna yaga leda kuna zazzage gari cikin ruwan zafi, na ji kuna cewa babu sana'ar da ta kai sayar da gahawa sauƙi. Ban ga laifinku ba, ba ku taɓa tsayawa a kan kasko har hayaƙi ya sa idonku ya yi ja ba. Ku jawo bencin nan cikin inuwa tunda kasuwa ta lafa, in ba ku labarin mutumin da ya koya mini aikin.

Sunana Sa'idu, a nan Garwa aka haife ni. Fatauci ne ya kawo kakana daga Kano, bai sake komawa ba. Ni ban gaji fataucin ba. Ina saurayi na zama yaron mota, muna kai kaya arewa a wata tsohuwar kamiyo, wato babbar motar kaya. A wata tafiya motar ta lalace mana a Mora, direba ya koma Marwa neman kayan gyara, ya bar ni gadi da yunwa. Kusa da inda motar ta tsaya akwai rumfar wani Babarbare mai gahawa, ana ce masa Baba Bukar. Ya ga ina zaune ƙarƙashin mota ina haɗiyar yawu, ya kira ni ya ba ni abinci, ya miƙo mini mafici ya ce in fifita masa wuta. Da aka gyara motar, ta tafi ba tare da ni ba.

Aikin farko da ya ba ni tsinta ne. Daga kudu ake kawo ƙwayar gahawa, ɗanya, ruwan toka-toka, cike da tsakuwa da ɓawo da wadda ƙwaro ya huda. Sai in baza ta a faifai in zauna ina tsincewa har wuyana ya ƙage. In na ce na gama, ya zo ya sa yatsa ɗaya ya motsa, ya ɗauko baƙar ƙwaya ya ɗora mini a tafin hannu, ya koma wurinsa. Ruɓaɓɓiyar ƙwaya ɗaya tana ɓata buta guda, amma sai da ya sa na tauna ta sannan na yarda.

Na daɗe kafin ya bar ni na taɓa kasko. Kaskon na baƙin ƙarfe ne, ba a wanke shi da sabulu, goge shi ake yi da tsumma. Gawayin ma ba kowanne ba, sai wanda ba ya tartsatsi. Ranar da na fara suya, ya tsaya a bayana.

Ya ce, "Kada ka kalli ƙwayar, ɗana. Ido yana makara. Saurara."

Na kasa kunne ina juyawa. Can sai na ji ta fara ƙara, ƙas, ƙas, kamar ana karya tsinke.

Ya ce, "Wannan ta farko ce. Mutanen kudu a nan suke saukewa. Mu sai ta sake magana, mai ya fito mata, ta yi sheƙi. In ka ƙara numfashi biyu bayan nan, gawayi ka soya."

Na ƙara numfashin, na ƙona ta. Ya sa na daka, na dafa, na shanye ni kaɗai.

Turminsa na ƙarfe ne ɗan ƙarami, taɓaryar kuwa guntun ƙarfen mota ce da maƙeri ya gyara masa. Tare da citta da kanumfari ake dakawa. A Mora ba a san babban kofi ba. Finjali ne ɗan mitsitsi, gahawar baƙa wuluk, mai kauri, in ka kurɓa ka ji ta har ƙeya. Zagaye uku ake sha, kuma Baba yana da doka: ba a tambayar baƙo abin da ke tafe da shi, ba a kuma faɗin magana mai nauyi, sai an sha na ukun. Direbobin Kusuri da na Chadi ma cewa suke yi tasa ba ta kai tasu ƙarfi ba, a ƙara musu.

Da na yi hankali na dawo gida na kafa rumfa a nan tashar Jambutu, da kasko da turmi irin nasa. Na ɗauka zan koya wa Garwa shan gahawa. Mutum na farko da ya zauna a bencina wani Bafulatani ne mai sayar da shanu, Malam Hamadu. Na zuba masa a finjali ina ji da kaina. Ya kurɓa, ya rufe ido, ya ajiye.

Ya ce, "Jam na, yaro? Lafiyarka? Na ce maka ba ni da lafiya ne ka ba ni magani? Ina madara?"

Haka na fara koyon aikin a karo na biyu. Mutumin Garwa madara yake so da sukari, gahawar ta sauya wa madarar launi kawai. Ma'aikata da sojoji da aka turo daga kudu, waɗanda a gonakinsu ake shuka abin, suna son ta a babban kofi, ba ƙarfi ba salam, da burodi, kuma in suka ji citta a ciki sai su ture kofin su ce wa ya sa yaji a kafe. Masu ƙetarowa daga Yola da Mubi kuwa shayi ne nasu, gahawar ɗan barbaɗawa ce a sama don barci. In ka hau hanyar Marwa, daga garin Gidar za ka fara ganin kofi yana ƙanƙancewa, abin cikinsa yana yin baƙi. Ni tun mutum bai zauna ba nake kallon rawaninsa da takalminsa, in saurari yadda ya yi sallama. Duk da haka nakan yi kuskure, don akwai ɗan Duwala da ya yi shekaru a Kusuri harshensa ya juya. Wannan ne ledarku ba za ta koya muku ba.

Mutum ɗaya ne ba ya bari in manta da suyar Mora, shi ne Matiyas. Kirista ne daga duwatsun da ke bayan Mora, sa'ana ne, manomi, kuma yana fataucin albasa zuwa Garwa. Tun a rumfar Baba na san shi. In ya sauke kaya sai ya zo ya zauna, ya leƙa butar da nake zuba wa mutane, ya ce, "Sa'idu, wannan ruwan wankin kofi ne. Zan gaya wa Baba abin da kake yi da sunansa." Dole in ɗora masa ƙaramar buta daban. Shi ke kawo mini labarin Baba, shi ke kai masa ƙwayar da nake aika masa. Ta bakinsa na ji Baba ya tashi daga Mora ya koma wani ƙauye a bakin iyaka, inda motoci ke kwana kafin su ƙetare, don ciniki ya fi a can. Matarsa ta rasu, daga shi sai ɗansa Modu, wanda na bari yana rarrafe, ga shi har ya zama saurayi yana riƙe masa kasko.

Sai shekarar nan ta zo, wadda masu bindiga suka addabi iyaka. Wasunku suna makaranta a lokacin. Manyan motocin arewa suka daina zuwa sai jefi-jefi, da rakiyar soja. Tashar nan da ba ka jin maganar na kusa da kai ta yi shiru har kana jin kukan kurciya. Jandarmomi suka hana taruwa, suka sa na rage benci. Ƙwayar da na saya ta zauna a buhu har ta fara warin sanyi. Wayar Baba ta daina shiga, ta Matiyas ma haka.

Wata ranar da hantsi, ina goge kasko, wata ƙaramar mota ta tsaya da buhunan albasa. Matiyas ya sauko, ya rame har na yi shakkar shi ne. Ya juya ya ɗago wani tsoho daga kan buhunan kamar yadda ake ɗaukar yaro. Baba Bukar ne, da riga ɗaya da takalmin roba wari da wari.

Na durƙusa na ce, "Baba, sannu da hanya."

Ya dafa kaina ya ce, "Ɗana, ka yi furfura."

Matiyas ya ja ni gefe ya gaya mini. Ranar kasuwa aka shiga ƙauyen, rana tsaka. Aka ƙona rumfuna, aka kashe na kashewa, aka tattara samari aka tafi da su, har da Modu. Baba ya faɗa cikin wani kwari, a ƙafa ya kai gindin dutse. Mutanen Matiyas suka tsince shi, suka hau da shi, ya yi damina a ɗakin Matiyas.

Matiyas ya ce, "Matata ta ware masa tukunya da ƙwarya don kada ya ji ƙyama. Amma ba ya ci. Kullum yana zaune yana kallon hanya. Na ce gara in kawo shi inda zai ji ƙamshin aikinsa."

Na kai shi gidana, matata ta gyara masa ɗakin zaure. Washegari ban kai ga buɗe rumfa ba na tarar ya riga ni, yana tsintar ƙwaya a faifai. Hannunsa rawa yake yi, ba ya iya ɗaga buta sai ta zube. Amma kunnensa da hancinsa suna nan. Ya karɓi kasko, ya soya irin ta Mora, ya sa na daka da citta, ya ce in zuba wa mutane.

To, mutanen da suka rage mini a lokacin 'yan Garwa ne, 'yan kilando masu babur da mahauta da su Malam Hamadu. Suka sha na kwana ɗaya don kunya. Bayan nan na fara ganinsu suna wucewa ta ɗaya gefen titi. Malam Hamadu ne ya tare ni a masallaci.

Ya ce, "Sa'idu, tsohon nan baƙonka ne, Allah ya ba ka lada. Amma jiya ban runtsa ba, zuciyata kamar za ta fito. Ko ka ba mu namu, ko mu nemi wani wuri."

Gida cike da yara, ciniki ya riga ya mutu, ga shi kuma ba zan iya buɗe baki in ce wa Baba ya sauka daga kan kasko ba. Sai na sayo murhu na biyu, na kafa shi a bayan rumfa, ina dafa ta Garwa a can, ina zagayowa da ita. Na ɗauka bai lura ba. Da rana ya kira ni.

Ya ce, "Ka raba mana wuta ke nan."

Na ce, "A'a, Baba, murhun ne ya yi kaɗan."

Ya ce, "Ɗana, hancina bai mutu ba. Dawo da murhunka gaba, kada ka riƙa ɓuya a rumfarka. Garinsu ne, bakinsu ne. Ni ka bar mini ƙaramar butar."

Daga ranar muka zauna da wuta biyu gefe da gefe. Tasa ba mai sha sai shi da Matiyas in ya zo. Kullum ya soya, ya dafa, ta huce, ya zubar.

Ban san wanda ya fara kai labari ba. Garwa ta cika da waɗanda suka gudo daga arewa, suna raɓe a gidajen dangi da kangaye. Wata safiya wani Balaraben Shuwa, makiyayi da ba shi da saniya ko ɗaya yanzu, ya tsaya a bakin rumfa yana shaƙar iska. Ya ce, "Wa ke suyar nan?" Baba ya nuna masa tabarma. Ya sha zagaye uku, hawaye na bin gemunsa, bai goge ba. Washegari ya dawo da mutum biyu. Kafin wata ya ƙare, tabarmar Baba ta fi bencina cika. Barebari, Mandara, Shuwa, mutanen dutse masu gicciye a wuya, duk a tabarma ɗaya. Mata ba sa zama, sukan tsaya daga gefe da gwangwani a zuba musu. Yawancinsu ba su da abin biya, ban kuma taɓa jin Baba ya tambaya ba.

Wurin ya zama inda ake neman labarin waɗanda suka ɓata. Duk wanda ya iso sabo, nan ake kawo shi. Baba zai zuba masa na farko, na biyu, na uku, sannan kowa ya jefo tambayarsa. Baba ne ke yin ta ƙarshe, kuma kullum iri ɗaya ce: "Ta wace hanya ka fito? Ko ka ga wani saurayi dogo, mai tabon wuta a hannun dama, sunansa Modu?" Wasu su ce ba su gan shi ba. Wasu don tausayi su ce kamar sun ji an ambaci mai irin sunan. Ranar da aka ce masa haka, yakan ci abinci sosai.

Haka muka ci rani, muka shiga bazara, lokacin da zafin Garwa ke sa kwalta ta yi laushi. Ran nan aka kawo wani mutum mai suna Aji, tela ne daga ƙauyen su Baba, tare da Modu aka tafi da su, shi Allah ya kuɓutar da shi. Da ya ga Baba sai ya tsaya cak, kamar zai juya. Baba ya gane shi, amma bai karya dokarsa ba. Ya ce, "Zauna, Aji." Ya sa na zuba. Aji ya sha na farko kansa a ƙasa. Ya sha na biyu. Da na miƙa na uku, ya ɗora tafin hannunsa a kan finjalin.

Ya ce, "Baba, ba zan iya shan wannan ba."

Baba ya daɗe yana kallon hannun nan.

Ya ce, "Ka gani da idonka?"

Aji ya ce, "Da hannuna na rufe shi, Baba. Gudu ya yi, suka harbe shi. Mun sa shi a gindin wata tsamiya, bayan rafin da ke gabas da gari. Mun yi masa salla a ɓoye."

Baba ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya saka maka da alheri." Sai ya juyo gare ni ya ce, "Sa'idu, sauran mutane ba su sha na uku ba." Na zagaya na zuba wa kowa. Ya jira har aka ajiye finjali na ƙarshe, sannan ya tashi ya tafi gida yana bin bango.

Bai sake taɓa kasko ba. Da Matiyas ya zo da kaya, Baba ya ce masa yana so ya ga tsamiyar. Na ce hanya ba ta yi kyau ba tukuna, jikinsa ma ba zai ɗauka ba, ya bari bayan damina in kai shi da kaina.

Ya ce, "Ɗana, ka riƙe ni da kyau, ba ni da abin cewa. Amma ban zo Garwa don in zauna ba, jira na zo yi. Jiran ya ƙare."

Matiyas ya ce, "Bar shi, Sa'idu. Zan kai shi Mora, in soja sun bari mu ƙarasa. In ba su bari ba, ko daga kan dutse zan nuna masa wajen."

Suka hau mota da sassafe. Matata ta ɗaure masa dambu da dabino a leda. Azahar ba ta yi ba wayata ta yi ƙara. Matiyas ne. Ya ce suna dab da shiga garin Gidar, sai Baba ya jingina da kafaɗarsa, ya ɗauka barci ne. Da aka tsaya a tasha ya taɓa shi ya ji sanyi.

Na bar wuta a kunne na hau motar farko da na samu. Kafin in isa an riga an yi masa sutura, don zafin ranar ba ya barin jira. Matiyas bai san kowa a garin ba, bai kuma san yadda ake yi wa Musulmi ba. Ya goya shi daga tasha zuwa masallacin da ya fara gani, ya tsaya a bakin ƙofa yana kira da Hausa da Fulatanci har liman ya fito. Suka tambaye shi ko ɗan'uwansa ne, ya ce e. Da aka yi sahun salla ya koma gefe ya cire hularsa. Da aka je maƙabarta ya karɓi diga, shi ya haƙa fiye da rabin kabarin.

Na same su a can, an gama rufewa, ana yayyafa ruwa. Matiyas na zaune a ƙasa, wandonsa duk jar ƙasa. Mutanen da suka taru ba wanda ya taɓa ganin Baba da rai, amma ba su watse ba. Liman, wani dattijo Bafulatani, ya riƙe hannuna ya yi mini gaisuwa.

Ya ce, "Kai muke jira. Na tambayi wannan bawan Allah sunan mahaifin mamacin don mu ambace shi a addu'a, ya ce ɗansa na tafe, shi ya sani. Bukar ɗan wa?"

Ban taɓa tambayarsa ba. Na san yadda yake son wutarsa, na san ƙarar da yake jira a kasko, na san yawan cittar da yake jefawa a turmi. Na dubi Matiyas, shi ma ya girgiza kai. Duk wanda zai iya amsa tambayar nan yana ƙarƙashin ƙasa ko ya watse a duniya.

Na ce, "Allah gafarta malam, ban sani ba. Baba kawai nake ce masa."

Liman ya ce, "Ba komai. Wanda za mu roƙa ya san shi." Ya ɗaga hannu, muka ɗaga.